Wace Hoya Za Ka Fara Kaiwa Gida: Carnosa, Pubicalyx, Australis ko Kerrii?

Duk wanda ya taɓa tsayawa ya dubi furen tumfafiya da kyau, furen hoya ba zai zame masa baƙo ba. Fure ne mai kusurwa biyar, da wani ƙaramin tauraro mai tsini biyar zaune a tsakiyarsa, kuma idan ya ƙulla ɗa, ƙwayoyin da ke ciki suna ɗauke da farin gashi mai laushi wanda iska ke kwasa ta watsa. Masana tsirrai sun sa su gida ɗaya, dangin Apocynaceae, inda kariya da yaɗiya ma suke. Sai dai tumfafiya 'yar fako ce, hoya kuwa 'yar kurmi. Asalinta dazuzzukan Asiya masu yawan ruwa ne, tun daga Indiya da kudancin Sin har Tailan, Indonesiya, Filifin, Niu Gini da arewacin Ostireliya. A can yawancinsu ba a ƙasa suke tsira ba, jikin bishiya suke hawa su maƙale, saiwoyinsu a cikin ɓawo da ruɓaɓɓen ganyen da ya taru a mararrabar rassa. Ba sa tsotson bishiyar yadda kauci ke yi, wurin zama kawai suke ara. Wannan zaman na sama shi ne tushen duk yadda ake renonsu a cikin gida.

Masanin tsirrai Robert Brown ne ya raɗa mata suna a 1810, don karrama Thomas Hoy, mai kula da lambun Syon House da ke kusa da Landan. Yau ire-irenta da aka sani sun haura 500, kuma har yanzu ana gano sababbi a Borneo da Niu Gini da Filifin. Amma wanda ya shiga wurin masu sayar da furanni, ko ya leƙa hotunan da ake tallatawa a Instagram da WhatsApp, galibi huɗu zai yi ta karo da su: carnosa, pubicalyx, australis da kerrii. Sau da yawa babu suna a jikin tukunyar, ko kuma sunan da aka rubuta ba nata ba ne. Ba lalle mai sayarwa yana da nufin cuta ba, shi ma yadda aka ba shi ke nan. Saboda haka dole mutum ya iya gane su da idonsa da hannunsa, don kuɗinsu ba ɗaya ba, halinsu ma ba ɗaya ba.

Kafin ka tambayi suna ko farashi, taɓa ganyen. Kama shi tsakanin babban yatsa da manuni ka ji kaurinsa. Idan mai kauri ne mai tauri, shukar tana da wurin ajiyar ruwa, ganyen shi ne randarta, kuma za ta jure mantuwa da busasshiyar iska. Idan siriri ne mai laushi tun asali, ba ta da ajiya, kwana kaɗan na ƙishi za su nuna a jikinta. Hoto ba ya nuna wannan, kuma a ganina ya fi launin fure muhimmanci nesa ba kusa ba ga wanda ke zaune a ƙasar da zafin bazara ke kai digiri 40, hunturu kuma ya busar da komai har leɓe ya tsage.

Carnosa ita ce tsohuwar hannu a cikinsu. Daga gabashin Asiya ta fito, kudancin Sin da Taiwan da tsibiran kudancin Japan, kuma an fi shekara 200 ana renonta a gidajen Turai. Ganyenta mai siffar ƙwai ne, tsawonsa wajen santimita 5 zuwa 8, kore mai duhu da sheƙi, wani lokaci da ɗigo-ɗigon azurfa jefi-jefi. Idan ka juya bayansa za ka ga ya fi haske, ka kuma ji ɗan laushi a yatsa. Tana da wata dabara da masana suka daɗe suna nazari a kanta: takan rufe ƙananan ƙofofin numfashin ganyenta da rana, ta buɗe su da dare lokacin da gari ya yi sanyi, don kada ruwan jikinta ya tsere. Abarba ma da wannan hanyar take rayuwa. Shi ya sa za ka yi tafiyar mako biyu ka dawo ka tarar da carnosa tana nan lafiya lau, alhali wasu furannin sun riga sun kwanta.

Furenta kuwa abin kallo ne. Ƙananan taurari ne, daga 10 zuwa 30, a cure wuri ɗaya suna kallon ƙasa, farare ko masu ruwan hoda mai haske, kowanne da jan ido a tsakiya. Fuskar kowane fure tana lulluɓe da gashi gajere mai laushi, tauraron tsakiyar kuma yana ƙyalli har mutum ya yi zaton na roba ne. Da magariba ƙamshin ke tashi, kuma za ka ga ɗigon ruwan zaƙi yana lilo a bakin kowane fure. Kada a rataye ta a kan darduma ko kujera mai yadi, don ruwan yana ɗiga, kiyashi kuma ba ya jin kira sau biyu. Curin yakan yi kamar mako guda kafin ya zube.

Aibin carnosa ɗaya ne, jinkiri. Daga ɗan reshe zuwa furen farko yakan ɗauki shekara biyu zuwa uku, wani lokaci fiye, musamman idan haske bai wadata ba. Sannan akwai tarkon da ke cikin 'yan uwanta masu ado. Krimson Queen tana da fari ko ruwan hoda a gefen ganye, kore a tsakiya. Krimson Princess akasin haka take, tsakiya fari ko rawaya, gefe kore. Dukansu kyawawa ne, amma farin wurin ba ya haɗa wa shuka abinci, don haka sun fi koriyar jinkirin girma, kuma farin ne ke fara ƙonewa idan rana ta doke shi. Ita Princess idan ta rasa haske takan fara fitar da rassa korra zalla, waɗanda suka fi ƙarfi, su rinjayi masu adon idan ba a datse su ba. Akwai kuma compacta, mai murɗaɗɗen ganye a cunkushe a jikin kara. Ita ce ta fi ɗaukar ido a hoto, ita ce kuma ba zan taɓa ba sabon shiga shawarar ya fara da ita ba. Girmanta tafiyar hawainiya ne, kuma farin ƙwaron nan mai kama da ɓurɓushin auduga yana shigewa cikin lungunan ganyen inda hannu ba ya kai. Kafin ka lura ya riga ya yi gida.

Pubicalyx ita ce aka fi rikita ta da carnosa, kuma ita ce kishiyarta ta gaske a wannan zaɓi. 'Yar Filifin ce, masanin tsirrai Ba'amurke Elmer Merrill ya bayyana ta a 1918. Ka ajiye su gefe da gefe, bambancin zai fito. Ganyen pubicalyx ya fi tsawo da tsini, yakan kai santimita 10 ko fiye, bai kai na carnosa kauri ba, bayansa kuma sumul yake. Ɗigon azurfar da ke jikinsa ya fi yawa, wani ganyen sai ka ce an yayyafa masa fenti, kuma idan yana samun haske sosai ɗigon yakan juye ruwan hoda. Sabon toho yakan fito ja-ja ko shunayya kafin ya koma kore. Furen ya fi na carnosa duhu, daga hoda mai ƙarfi zuwa jan da ya kusa zama baƙi, gwargwadon iri. Pink Silver da Red Buttons da Royal Hawaiian Purple duk sunayen ire-irenta ne da za ka gani a kasuwa.

Inda ta fi carnosa shi ne sauri. A damina ɗaya takan miƙa rassa masu tsawo, tana neman abin da za ta nannaɗe, kuma sau da yawa takan riga carnosa yin fure. Inda carnosa ta fi ta shi ne haƙuri da ƙishi da kuma zama wuri ɗaya. Pubicalyx ba shukar da za ka ajiye a kan teburi ka manta ba ce. Tana son zoben waya ko sandunan gora da za ta hau, idan ba ka ba ta ba za ta kama labule, ko ƙarfen taga, ko shukar da ke kusa da ita. A nan ne mutane da yawa ke yin ɓarna ba da sani ba. Sukan ga doguwar igiya ta fito ba ganye ko ɗaya a jikinta, su ɗauka ta lalace, su sa almakashi. Haka hoya ke girma: igiyar ke fara tafiya ta nemi madafa, ganye da fure su biyo baya. Matuƙar bakinta bai bushe ba, a naɗa ta a jikin zobe a ƙyale ta.

Australis kuwa gane ta ba wuya, kuma akwai shaidar da ba ta ƙarya. Idan ganye ya tsinke ko aka yanki reshe, farin ruwa mai danƙo zai fito, irin na tumfafiya. Na carnosa da pubicalyx garau yake, ba fari ba. Wannan kaɗai ya isa ya raba gardama idan mai sayarwa ya ce maka carnosa ce. Ganyen australis ya fi faɗi da zagaye, korensa ya fi haske, jijiyoyinsa sun fi fitowa, sabon ganye kuma yakan zo da launin jan ƙarfe. Gidanta gabashi da arewacin Ostireliya ne, da wasu tsibiran tekun Fasifik kamar Fiji da Samowa, inda take hawa duwatsu da bishiyoyin bakin daji. Wannan ya sa ta fi sauran son haske mai ƙarfi. Furenta fari ne tas, da ɗan ja a ƙarƙashin tauraron tsakiya, kuma ƙamshinsa yana cika wuri. Wanda ƙamshi mai ƙarfi ke sa wa ciwon kai, kada ya kwana da ita a ɗaki lokacin fure.

Wajen sauri tana kafaɗa da kafaɗa da pubicalyx, wani lokaci ma ta wuce ta. Amma irin da aka fi sayarwa ganyensa bai kai na carnosa kauri ba, don haka tana shan ruwa fiye da ita, kuma idan ta daɗe da ƙishi ganyen ƙasa kan yi rawaya ya zube. Shukar baranda ce fiye da ta cikin ɗaki. Akwai mai ado da ake kira Lisa, mai rawaya da kore da hoda a ganye ɗaya, ta fi tsada, ta fi jinkiri. Farin ruwan nan kuma yakan sa wa wasu ƙaiƙayi a fata, sai a wanke hannu bayan yanka, a kuma kiyaye ido.

Sai kerrii, wadda na fi jin takaicin yadda ake sayar da ita. Ganyenta siffar zuciya gare shi sak, mai kauri ƙwarai, kuma ta samo sunanta daga Arthur Kerr, likita ɗan Ailan da ya yi aiki a Chiang Mai ta arewacin Tailan yana tattara tsirrai. A 1911 aka bayyana ta. Saboda siffar nan, 'yan kasuwa kan tsinki ganye guda su dasa a 'yar tukunya su sayar a matsayin kyauta, musamman a watan Fabrairu. Ganyen zai yi saiwa, zai zauna kore shekara da shekaru, amma galibi ba zai taɓa fitar da reshe ba, don toho daga gaɓar kara yake fitowa, ganye kuma ba shi da ita. Mutum zai yi ta ban ruwa yana jira, yana zargin hannunsa, alhali tun ranar saye maganar ta ƙare. Idan kerrii kake so, tona ƙasar gindin da ɗan yatsa a gaban mai sayarwa. Ka ga guntun kara a haɗe da ganyen, to akwai fata. Mafi alheri ma ka ƙara kuɗi ka ɗauki wadda ke da kara da ganye uku ko huɗu.

Ko cikakkiyar ma sai mai haƙuri. Takan yi watanni ba motsi, sannan rana ɗaya ta turo kara mai kauri da tauri wanda ke buƙatar madogara mai ƙarfi, don ganyenta nauyi gare shi. A wajen jure zafi da fari babu kamarta a cikin huɗun, ruwa mai yawa ne kawai ke kashe ta. Ruwan zaƙin furenta ja ne mai duhu, yana ɓata bango da tufafi. Wanda ke son manyan ganye masu kauri amma ba zai iya wannan jiran ba, ya nemi obovata. Ganyenta zagayayye ne ba tsagar zuciya a bakinsa, sau da yawa da ɗigon azurfa, kuma ta fi kerrii saurin girma da saurin fure.

Akwai wasu biyu da hotonsu ke jan mutane, linearis mai siraran ganye masu gashi da ke zubowa ƙasa, da bella mai ƙananan ganye masu tsini. Dukansu daga wurare masu tsayi da sanyi suka fito, yankin Himalaya da kewayensa. Ba su da ajiyar ruwa, ba sa son zafi, ba sa son busasshiyar iska. Mai zama a Jos ko Mambila zai iya gwadawa. A Kano ko Sakkwato ko Damagaram kuwa, watan Afrilu kaɗai ya ishe su.

To wace za a ɗauka? Idan ni za a tambaya, wanda bai taɓa renon hoya ba ya fara da koriyar carnosa, marar ado. Ita ce mai yafe kuskure, ita ce mai araha, kuma a jikinta mutum zai koyi karanta ganye kafin ya sa kuɗi a masu tsada. Amma akwai mutumin da na san carnosa za ta gundure shi, wanda kullum da safe sai ya duba ko an sami sabon toho. Irin wannan hannunsa ba ya nisa da butar ruwa, kuma zai kashe carnosa da kerrii da yawan kulawa. Shi pubicalyx ta dace da shi, ko australis idan yana da baranda mai samun hantsi, don su suna shan abin da aka ba su, kuma suna saka wa mai su da girman da ido ke gani. Tsakanin su biyun, mai son ganye mai ado da fure mai duhu ya ɗauki pubicalyx, mai son ƙamshi da lulluɓe ƙarfen baranda ya ɗauki australis. Kerrii ta zama ta biyu ko ta uku, bayan hannu ya faɗa.

Duk wadda ka zaɓa, ƙasar da aka sayar maka da ita a ciki ita ce abin dubawa na farko. Masu lambun bakin titi sukan cika leda da baƙar ƙasa da takin shanu, abin da ya dace da yawancin furanni amma yake shaƙe saiwar hoya. Shukar da ta saba da jikin bishiya tana son iska a saiwarta. A haɗa ɓawon kwakwa da aka daddatsa aka jiƙa aka wanke, da gutsattsarin gawayi, da ɓawon itace, da ɗan ruɓaɓɓen ganye ko ƙasar shuka kaɗan. Gwajin mai sauƙi ne: ka zuba ruwa, ya fita ta ƙasa nan take. Idan ya tsaya a sama yana jira, haɗin ya yi nauyi. Tukunyar ta zama ƙarama, mai huda a gindi. Hoya ta fi son matsi, kuma babbar tukunya tana riƙe ruwan da saiwa ba za ta iya shanyewa ba. Tukunyar ƙasa ta fi dacewa da carnosa da kerrii don tana saurin bushewa, ta roba kuma tana taimakon australis da pubicalyx a lokacin zafi.

Ban ruwa ba shi da ranar da aka yanke. A jira haɗin ya bushe kusan duka, sannan a ba shi sosai har ya zubo ta ƙasa, a zubar da wanda ya taru a faranti. Ganye mai kauri da ya fara laushi ko yanƙwanewa yana neman ruwa, amma a kula: idan ƙasar a jiƙe take kuma ganyen ya yanƙwane, saiwa ce ta ruɓe, ƙarin ruwa zai ƙarasa ta ne. Sai a zare ta a duba. Lafiyayyar saiwa tana da ƙarfi, ruɓaɓɓiya kuwa fatarta ke saluɓewa ta bar zare siriri. A damina haɗarin ruɓewa ya fi yawa, a bazara tukunya kan bushe cikin 'yan kwanaki. A hunturu girma yana raguwa, ƙura tana rufe ganye, sai a riƙa goge shi da jiƙaƙƙen tsumma, a kawar da shukar daga bakin iska, a shigar da ita ciki a daren da sanyi ya tsananta, don ba ta son ya sauka ƙasa da digiri 10. Idan ruwan burtsatse yana barin farin gishiri a bakin tukunya, a tara na sama a riƙa wanke haɗin da shi. Taki kuma kaɗan take so, na ruwa da aka tsinka sosai, kamar sau ɗaya a wata lokacin da take toho.

Rashin fure kusan kullum maganar haske ce. Tagar gabas ita ce wurinta, inda za ta sha hantsi ta huta da rana tsaka. Ranar azahar a bazara tana ƙona ganye ya yi fari ko ruwan ƙasa, tabon kuma ba ya gogewa. Lungun falo mai duhu ba zai kashe carnosa da wuri ba, amma ba za ta yi fure a can ba. Idan ta fara ƙulla fure, kada a juya tukunyar ko a sauya mata wuri, don takan zubar da shi. Bayan furen ya zube, za ka ga ɗan guntun tsinke ya rage a jikin kara, bakinsa da kurzunu-kurzunu. Kada a cire shi. A kansa sabon fure zai sake fitowa shekara bayan shekara, yana ƙara tsawo kaɗan-kaɗan duk lokacin da ya yi.

Sabuwar shuka ta yi mako biyu ko uku ita kaɗai kafin a haɗa ta da sauran, ana duba bayan ganye da hammatar kara. Farin ƙwaron nan idan ya bayyana, a jiƙa auduga da sifirit a dangwale shi ɗaya bayan ɗaya, a biyo da feshin ruwan sabulu da ɗan man darbejiya da yamma, a maimaita duk mako har ya ƙare. Wanda kuma ke da maƙwabci ko 'yar uwa mai hoya, ba sai ya je kasuwa ba. Ya roƙi reshe mai gaɓa biyu, ya cire ganyen ƙasa, ya tsoma gaɓar a kofin ruwa a wuri mai haske ba rana ba, yana sauya ruwan duk bayan 'yan kwanaki. Farkon damina ne lokacin da ya fi kamawa. Cikin makonni kaɗan fararen saiwoyi za su fito, kuma da sun kai tsawon gaɓar yatsa biyu sai a mayar da shi 'yar ƙaramar tukunya.